Igiyoyin Ɗan Fari

Ko na manta komai na zamanmu a Kiru, ba zan taɓa mantawa da ranar da igiya ta tona mini asiri ba. Lokacin ɗana na fari yana aji huɗu a elementare (sunansa ba zai fito daga bakina ba, kun san mu da ɗan fari, ko a gaban mutane ya faɗi sai dai ki kau da kai).

Malaminsu, Malam Haruna, shi ya ƙirƙiro gasa. Kowane yaro ya yi sana'a da hannunsa, ya kai kasuwa ranar da take ci, wanda ya fara sayar da kayansa kaf a ba shi sabuwar riga. Wasu suka soya gyaɗa, wasu suka saƙa faifai. Nawa gwanin ya ce igiyar rama zai tufka. Jama'a, na ga igiya! Nan kauri, can kamar zaren ɗinki. Ko akuya mai hankali ba za ta yarda a ɗaure ta da ita ba.

Zuciyata ta kasa. Na kira maƙwabciyarmu Iya Dije, tsohuwa mai nauyin kunne, na damƙa mata ɗan abin da na tara na ƙuli-ƙuli, na ce ta je ta saye duka, ta ɓoye a ɗakinta sai an kwana biyu. Ta gyaɗa kai. (Ashe rabin maganar kawai ta shiga.)

Da la'asar sai ga hayaniya a ƙofar gida. Malam ne da yara, sun rako gwani da riga. Na laɓe bayan danga, baki har kunne. Ina jin Malam yana ce wa Maigida, “Alhamdu lillahi, yaron nan ɗan kasuwa ne. Kafin sauran su shimfiɗa kaya ya karkaɗe buhu.”

Bai rufe baki ba sai ga muryar Iya Dije, wadda ake ji daga bakin rafi: “Hajara! Fito ki karɓi igiyoyinki! Na saye duka yadda kika ce, amma wallahi an cuce ki, ko guga ba za su ja ba!”

Na ji kamar in shige tukunyar ruwa in ja murfi.

Can Malam ya yi gyaran murya, ya dubi Maigida ya ce, “To, Malam Sule, ashe kasuwar a cikin gida take ci.” Yara suka kwashe da dariya. Rigar dai wani yaro mai gyaɗa ya tafi da ita.

Maigida ya shigo ɗauke da damin igiyar, ya dire a gabana. “Ga hajarki. Ke da ko sunansa ba kya iya faɗa?” Matan unguwa kuwa wata guda suna aiko tambaya ko akwai sauran igiya. Shi kuma gwanin kwana biyu bai ci tuwona ba, daga baya ya koma wurin kakansa ya koyi tufka ta gaskiya, har makiyaya suka riƙa nemansa.

Ni dai na ɗauki karatu: in za ki yi wa ɗanki son kai a ɓoye, ki fara duba kunnen wadda za ki aika.