Rasuwar Gwaggo, Tifar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, kaina a sunkuye, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da direbobin yashi rasuwar Gwaggo, tifar mahaifina. Ta cika ranar Talata da hantsi, a tsakiyar hawan da ake fitowa daga kogi, da kaya a bayanta. Shekararta ashirin da shida a hannun Baba. Ta riga ni zuwa gidanmu da shekara biyu.

Marigayiya ba ta da sauri, ba ta kuma taɓa riya cewa tana da shi ba. Mai keke ya sha wuce ta. Amma in aka sa mata giya lamba ɗaya ta ce "gur-gur-gur", babu tudun da ke gagararta. Ƙofarta ta dama ba ta buɗuwa sai ta waje. Kujerarta ta lotsa daidai zaman Baba. Yashin da ta ɗauko ne ya kai ni jami'a.

Baba yana gaya wa masu jaje cewa tsufa ne. Wasu direbobi kuma suna raɗa cewa hannunsa ne ya mutu, bai iya canjin giya a kan tudu ba yanzu. Maganar ta kai kunnen mai motocin da ya yi niyyar ba shi wata ya tuƙa, har ya fara ja da baya. Ba tsufa ba ne, ba kuma hannun Baba ba ne. Ni ce.

Wata huɗu da suka wuce aksil ɗinta na baya, ƙarfen da ke juya tayoyi, ya lalace. Baba ya shigo falo yana murmushi, ya ce, "Injiniya, ga aikinki ya zo." Iri biyu aka samu a shago: irin na da, da wani mai sa taya ta ƙara juyawa ba tare da injin ya ɗaga murya ba. Kwana uku ina lissafi: ƙarfin injin, girman taya, nauyin kaya. Takarda ta ce na biyun zai rage shan mai sosai.

Nauyin kayan a jikin ƙofarta na karanto shi: tan goma. Hanya kuma na ɗauke ta shimfiɗaɗɗiya, kamar kwaltar ƙofar gidanmu. Ban san yashin kogi da ruwansa ake loda shi ba, a tula har ya haura bodi. Da na je kogin sau ɗaya da na gani. Amma zuwan yana nufin in tsaya cikin maza talatin masu shebur in yi tambaya, ni da ko gaida baƙi sai na maimaita a ɗaki.

Kawu makanike, aminin Baba, ya juya aksil ɗin ya ce, "'Yata, wannan na masu gudu a kwalta ne. Gwaggo hawa take yi."

Baba ya ce, "Kai da ka tsere daga aji uku za ka gyara wa mai digiri? Ɗaura kawai."

Kawu ya dube ni, yana jiran in ce wani abu. Na dubi takardata.

Jinyarta ta yi tsawo. Na ji ƙaurin kuloci a rigunan Baba in ina wanki. Na ga jarkar ruwan lagireto ta tashi daga ɗaya ta zama uku. Muryarta ta koma "ƙwal-ƙwal-ƙwal", domin lamba ɗayanta ta daina isarta a kan tudu. Duk na lura, na yi shiru. Shi ma Baba ya yi shiru, don kada a ce 'yarsa ta yi kuskure. A tsakanin shirunmu injin ya buga.

Ta rasu ta bar Baba, wanda har yau yake sa makullinta a aljihu in zai fita. Ta bar tayoyi shida, biyu sababbi, da tsohon jak. Ta bar aksil ɗin nan, lafiyarsa ƙalau, ko kunya babu.

Janwe zai ɗauko gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe zuwa garejin Kawu, inda za a yi zaman makoki kafin masu sayen tsohon ƙarfe su iso. Ana roƙon direbobi su halarta, musamman mai motocin. Zan tsaya a gaban marigayiya in karanta wannan sanarwa da bakina. In muryata ta ƙi fita, don Allah a matso kusa.