Ranar da Na Mai da Sanusi Tsohon Gari

Ko na tsufa na ruɗe, ba zan taɓa mantawa da rabon geron da muka yi a Matameye shekarar fari ba. Lokacin sojoji ke mulki, furefe ɗinmu ma, wato shugaban gundumarmu, kaftin ne da ba a taɓa ganin haƙoransa ba.

Wani furoje ne, wato shirin agaji, ya ɗauke ni in shigar da sunayen mabukata a ordinata, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa. Buhuna ba su isa kowa ba, sai aka ce a fara da waɗanda suka fi tsufa. Ni kuwa na dawo daga Zinder da takardar shaida da girman kai (girman kan ya fi takardar nauyi). Na buga ranakun haihuwa yadda suke a takardu: rana, wata, shekara. Abin da ban lura ba, gurbin da na zuba su na rubutu ne, ba na kwanan wata ba. Da na ce ta jera, sai na'ura ta bi lambar farko kawai. Wanda aka haifa ɗaya ga wata ya hau sama, ko da jiya ya fara gemu. Tsofaffin gaske kuwa, da takardunsu ba su da rana sai "wajen shekara kaza", suka zube can ƙasa, inda buhu ba zai kai ba.

Na duba kafin in buga? Ina! Ai ni ne masani.

Ranar rabo, gaban kaftin da mutanen Kurni da Dungu, na gyara murya: "Dattijo na farko, Sanusi Habu!"

Sai ga wani ƙato ya taso, da baƙin tabarau, bai daɗe da dawowa daga cirani a Kano ba. Nan take dariya ta ɓarke. Kaftin ya juyo ya dube ni. Wallahi na fara tunanin wa zai kai wa matata labarin an kulle ni.

Sanusi ya cire tabarau ya ce, "Malam, ni ne dattijon? To ga Iya Zinatu can zaune, ita ta haifi babana."

Tsohuwar ta ɗago ta ce, "Ɗan nan, bar shi ya amsa, in ya so ya goya ni."

A nan kaftin ya yi dariya, ni kuma numfashina ya dawo. Ya ba ni zuwa la'asar. Na koma biro, wato ofishinmu, da gudu, na sake rubuta komai da shekara a gaba, sannan wata, sannan rana. Masu "wajen" na ba su farkon shekararsu. Iya Zinatu ta fito ta farko, Sanusi ya ɗaukar mata buhun a ka. Daɗin da na ji ba ya misaltuwa.

Tun daga ranar, komai na'ura ta jera mini sai na leƙa sunan farko, in tambaya ko yana da furfura. Sanusi kuwa har yau in mun haɗu a kasuwa, sai ya tsaya yana jira in durƙusa in gaishe shi.