Gaisuwar Suruki da Famfo a Baya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je aikin gonar surukina da famfon feshi a baya ba. Ko yanzu da furfura ta cinye min gemu, in na ji warin maganin ƙwari sai in ji kunya ta taso min sabuwa fil.

Lokacin Turawa na nan, ni kuma sabon malamin gona ne a Azare, ga keke, ga alƙalami a aljihu, ga ɗan girman kai. (Na ce ɗan? Allah Ya yafe min, mai yawa ne.) A zamanin, in tsutsa ta faɗa wa auduga, toka ake barbaɗawa, ko a tsoma tsintsiya a ƙwaryar magani a riƙa yarfawa. Daga baya aka zo da garin magani, a ƙulla a tsumma ana kaɗawa, rabi ya hau ganye rabi ya shige hanci. Sai ga shi an kawo famfo ofishinmu. Tulun ƙarfe ne da ake goyawa da maɗauri, hannun hagu na bugawa, na dama na riƙe da sandar da ke fesawa. Duk ofis ni na fi iya shi, ko in ce ni na fi yawan faɗin haka.

To, a lokacin ina neman auren Hansatu, 'yar Alhaji Garba, babban manomin auduga a wajen Katagum, wanda gonarsa ta gangara har bakin kogi. Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Abin da dai ya iso kunnena shi ne wai ya ce 'yan boko ba su san girman manya ba, a tsaye suke gaisuwa. Maganar nan ta tsaya min a rai, don son da nake wa yarinyar nan ba na wasa ba ne.

A al'ada mai neman aure yakan tara abokai su yi wa suruki gayya. Nawa abokan kuwa 'yan ofis ne, in suka riƙe fartanya sai kanta ta fito musu a hannu. Da na ji tsutsa ta shiga audugar Alhaji, sai na ce madalla, ga tawa gayyar. Na nemi izini na ɗauko famfo, na zuba babbar riga fara sol. (Wa ke feshi da babbar riga? Mai zuwa gaban surukai mana.)

Ina isa na dama magani, fari kamar nono, na cika tulu har wuya, na ɗora murfinsa da na san ba ya kamawa sosai. Manoma suka taru, har Fulani masu wucewa da shanu suka tsaya kallo. Na yi musu lacca da ƙarfi: "Wannan dafi ne! Duk wanda ya zubo wa, ya tuɓe nan take ya yi wanka, ko a gaban wa yake." Na goya, na soma fesawa. Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah, yau ga yayyafi a goye!" Kaina ya ƙara kumbura.

Ban yi nisa ba sai ga Alhaji tafe da sandarsa, Hansatu na biye da shi ɗauke da ƙwaryar fura, da kakarta, tsohuwa mai bakin tsiya. Nan take maganar gaisuwar tsaye ta faɗo min. Ban yi wani tunani ba, na tuɓe takalmi na zube ƙasa na durƙusa.

Ni na durƙusa, tulu kuwa ya ci gaba da tafiya. Ya fizge ni ta baya, na faɗi rigingine tsakanin kunya biyu na auduga, murfi ya yi tsalle, magani ya kwararo min ta wuya har gadon baya. Maɗauri ya ɗaure ni tam, ƙafafuna a sama suna wutsil-wutsil kamar kunkurun da aka kifar. Amma tunda na riga na soma gaisuwa, sai na ga ba daidai ba ne in katse.

"Barka da hantsi, Baba. Ina gajiya?"

Alhaji ya leƙo ni daga sama, ko murmushi bai yi ba. "Ba gajiya, Malam. Yaya aiki?"

"Aiki da godiya, Baba."

A nan jama'a suka kasa daurewa, gona ta ɗauka da dariya. Tsohon nan ya ce, "Alhaji, shi ya ce fa a tuɓe nan take." Na ce ai ba komai, wallahi ba komai, alhali bayana ya soma raɗaɗi. Alhaji ya ce, "Ku tuɓe shi."

Suka kwance ni, suka zare babbar riga da 'yar ciki, suka bar ni daga ni sai wando, suka ja ni kogi suka dirje ni da sabulun salo. Ina cikin ruwa na ji kakar tana cewa, "Hansatu, buɗe ido ki duba da kyau, kada gobe ki ce ba a nuna miki kaya ba kafin ciniki." Na so kogin ya tafi da ni.

Na koma Azare na ƙule a ɗaki, na tabbata Hansatu ta kuɓuce min. Baffana ya je ba da haƙuri, ya dawo yana dariya. Wai Alhaji cewa ya yi, "Yaron da yana kwance ƙafa a sama bai yanke gaisuwa ba, me kuma zan nema? Na ba shi. Amma ya dawo ya ƙarasa min feshina, da gajeriyar riga."

Na koma na ƙarasa, auduga ta yi kyau, aka ɗaura aure bayan kaka. Duk sabon ma'aikacin da na koya wa famfo tun daga nan, nakan ce ya kula da iska, ya rufe hanci, in kuma ya hango surukinsa ya sauke tulu kafin ya durƙusa. Hansatu kuwa ba ta taɓa yi min gori ba. Sai dai har yau, in ta ji na soma cika baki a gaban jikoki, takan leƙo daga ƙofa ta ce, "Malam, ina gajiya?" Sai in sauya zance.