Tsirkiya Uku a Kwandon Shara

Mai shagon kayan kiɗa ya zubar da tsirkiyoyin mijina. Guda ɗaya ce ta tsinke, ita kaɗai na ce ya maye, kuma sau biyu na faɗa. Da na koma karɓa sai na tarar ya kwance sauran ukun, ya ɗaura sababbi huɗu, biyu daga ciki masu kauri, naɗe da siririyar waya sai ƙyalli suke. Wai gwaninta ya yi mini. Na ce ina tsofaffin? Ya ce sun bi shara, ko ɗago kai bai yi ba.

Ukulele ce, 'yar ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu. Marigayi yakan kaɗa ta in ya taso daga aiki, kafin ma ya cire takalmi. Tsirkiyoyin da ke kanta na roba ne, shi ya ɗaura su da hannunsa, kuma in ka shafa za ka ji sun lotsa daidai inda yatsunsa suka saba dannawa. Wata takwas ke nan da rasuwarsa. Da waɗannan lotsawar 'yata ta koya wa kanta kiɗan, tana lalube tana bin sawun ubanta. Da ta ga abin da aka yi, sai ta mayar da ita jaka, ta ce ta bar kiɗa ke nan.

Kwana biyu jakar na rataye a ƙusa. Ran na uku da hantsi ina guga a falo, surukina Baba, mahaifin marigayi, na kujerarsa ta bakin taga. Shekara talatin ya yi a masaƙa, ƙarar injina ta cinye masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji. Yarinyar ta shigo ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa mata da wasan kaka da jika.

"...lafiya ƙalau, amarya, in ban da fuskar nan da kika ɗaure. Mijin da matarsa ta kwana biyu ba ta yi masa dariya ba, ai gara gwauro."

"To ka sake ni mana, tsoho. Wa ya riƙe ka?"

"In sake ki wa zai kwasa? Sauko mini da 'yar tayin jitar nan in ga ɓarnar da ake ta yi wa zaman makoki."

"Ba na taɓa ta."

"Ni zan taɓa. Dama tun ubanki na da rai nake cewa abin nan bai sha nono ya ƙoshi ba. Jitar mutane sai an rungume ta, wannan kuwa a aljihu za a manta da ita."

"Kai da ko tafi ba ka iya ba? Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza."

"Ni? Ina saurayi in na yi fito, 'yan mata har daga bene suke faɗowa."

"Gudu suke yi, ba su ga matakala ba."

Ya yi yunƙurin tashi, gwiwa ta ƙi. Ta harare shi, ta je ta sauko da jakar, don ta san in ya miƙe faɗuwa zai yi. Ta zaro ukulelen ta ɗora a cinya kamar kayan aro.

"Ga ta. Ka gani? Garin gyaran gira an rasa ido."

"Ni dai na ga an yi mata haƙoran azurfa. Ko ni ban samu ba."

"Kai ai sai an fara nemo inda za a dasa su."

"Kaɗa in ji."

"Ka ji da me?"

"Da kunnen da nake jin rashin kunyarki."

Ta ja tsaki, ta murɗa 'yan kunnuwan da ake saita tsirkiya da su. Sabuwar tsirkiya ba ta zama wuri ɗaya, kana saita ta tana saki. Ta saita ta ɗaya, kafin ta gama da ta huɗu ta farkon ta sauka. Ta goga yatsa a kan mai naɗin waya, abin ya yi ƙiii kamar tsohuwar ƙofa. Ni kaina sai da na runtse ido.

"Ka ji ko? Ta Abba ba ta taɓa yin wannan kukan ba. Ga santsi, babu inda ya lotsa. Ban san inda zan sa yatsa ba."

"Wata takwas kina dannawa, yatsun naki ba su da hadda? Ashe daƙiƙiya na aura."

"Gado na yi, ta wajen kaka."

"In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

"Ni ba rawa nake ba, tsoho. Ubana nake nema."

Na kife dutsen guga a kan rigar makaranta har sai da na ji ƙauri. Ba na sa baki in suruki na magana, amma ranar da ƙyar na riƙe harshena.

Cikin haushi ta sa babban yatsa ta fizgi ta saman, mai kaurin. A da tsirkiyar wurin siririya ce, muryarta can sama. Wannan kuwa sai ta yi wani gurnani mai zurfi, har gilashin taga ya amsa. Na ga Baba ya daina motsi.

"Sake."

"Me?"

"Wannan ɗin. Sake bugawa."

Ta sake. Ya miƙo hannu ya ɗora tafinsa a bayan katakon.

"Na ji ta," ya ce.

"Yau kuma ƙaryar da wannan aka tashi?"

"Wallahi na ji ta. Amarya, bari in gaya miki abin da ban gaya wa ubanki ba. Shekara goma sha ɗaya yana zama nan inda kike, yana kaɗa mini. Ina gyaɗa kai, ina cewa madalla. Ko ɗis ban taɓa ji ba. Siririn sauti ya daɗe da barin kunnena. Yatsunsa kawai nake kallo, in sun tsaya in ce madalla."

Ta zuba masa ido. Ni ma ban sani ba, ni da nake kawo musu shayi kullum.

"Ashe kai tsohon maƙaryaci ne."

"Na gaske ma. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Kaɗa mini wanda yake kaɗawa in ya shigo."

"Ba zai fito daidai ba. Inda nasa ke hawa, wannan sauka zai yi."

"Ni ban san inda nasa ke hawa ba. Abin da kika ba ni, shi ne nawa."

Ta ɗan jima tana kallon wuyan ukulelen, sannan ta ɗora yatsu. Ta yi kuskure a farko, ta tsaya ta sake saita ta biyu, ta koma. Yatsun suka tafi inda suka saba ba tare da an nuna musu ba. Ba kiɗan mijina ba ne, ba zan yi ƙarya ba. Ya fi nasa nauyi, ga ƙiii ɗin wayar nan duk sanda ta ja hannu. Amma tsohon bai ɗauke tafinsa daga katakon ba, kuma wannan karon bai gyaɗa kai ba, bai ce madalla ba. Da ta tsaya sai ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"To?" ta ce.

"Kuskure bakwai na ƙirga."

"Kai da tsirkiya ɗaya kake ji cikin huɗu!"

"A cikin ɗayar na ƙirga bakwai. Da ina jin sauran da tuni na kai ki gidanku."

"Nan ne gidanmu. Kai za ka fita."

Ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin rasuwar, har da tari.

"Na sallama, kin ci. Zo ki karɓi toshinki."

Ya buɗe gidan tabaransa, ya ɗaga ƙyallen ciki, ya zaro wani abu a nannaɗe kamar zobe. Tsirkiyar da ta tsinke ce. Ranar da ta tsinke ya tsince ta a ƙarƙashin kujera, bai gaya wa kowa ba. Yarinyar ta warware ta a hankali, ta bi ta da yatsa har ta kai inda ta lotsa, ta tsaya a nan.

"Toshin ke nan? Tsinkakkiyar roba?"

"Daidai kuɗin amaryar."

Ta naɗe ta a yatsa, ta ɗauki ukulelen ta sake murɗa kunnen ta saman.

Yanzu kai, mai shago. Mai kaurin nan za ta zauna, saboda Baba. Kada ka ɗauka hakan ya wanke ka, don ba ka san da kunnensa ba lokacin da kake kwance abin da ba a sa ka ba. Kurma ma ya san abin da ake tsincewa a adana, kai mai sana'ar ba ka iya tambaya ba. Na ga buhunan shara jingine a bayan shagonka, kuma na san motar kwasar shara ba ta zuwa sai jibi. Ka zazzage su ɗaya bayan ɗaya, ka sa hannunka, ba na wani ba. Tsirkiya uku ne, farare, na roba, kowacce ta lotsa kusa da bakinta na sama. Gobe da ƙarfe goma ina bakin kantarka, kuma ba sababbi nake so ba.