Kwat ɗin Sufeto

Duk wanda ya yi sa'ar zama a benenmu ya san an yi mana baiwar da ba a yi wa sauran benaye ba. Wasu gidajen mai kula da gida gare su, mutum mai canza ƙwan lantarki da gyaran famfo. Mu kuwa Sufeto gare mu. A takarda dai aikinsa ke nan, ƙwan lantarki da famfo, amma wa zai dubi ƙwaƙwalwa irin tasa ya ce ta tsaya a bakin famfo? Ba ɗan sanda ba ne, bai ma taɓa taka ofishinsu ba sai ranar da aka sace masa keke. Sunan shi ya raɗa wa kansa, mu kuma muka karɓa don a zauna lafiya.

Asalin baiwar ba ɓoyayye ba ne, domin babu wanda bai ji labarin ba sau ashirin. Yana ɗan shekara tara ya leƙa ɗakin maƙwabcinsu mai talabijin, ya tarar ana kallon wani fim. An sace sarƙa a wani katafaren gida, ga wani dogon mutum cikin kwat har gwiwa yana zagaya ɗakuna, yana ƙwanƙwasa tebur da zobe, yana duban kowa ta wutsiyar ido. Yaro ya saki baki. Saura minti goma fim ya ƙare, mahaifiyarsa ta shigo ta kama kunnensa ta ja shi wanka.

Shekara arba'in ke nan bai ga ƙarshen ba, kuma bai nema ba.

"Ƙarshen fim na masu ƙaramar fahimta ne," in ji shi. "Mu tun daga tsakiya muke gama gane komai."

Tun daga ranar ya zama mutumin nan. Ya sayi kwat har gwiwa, wanda ba ya cirewa ko zafi zai narka ƙarfe. Ya sayi zobe mai nauyi, ya bi teburan gidan nan da ƙwanƙwasa har fentinsu ya ɓare. Ko gaisuwa ka yi masa sai ya ƙanƙance ido ya ce, "Me ya sa yau ka gaishe ni da wuri?" Ranar da takalmin jaririyar hawa na biyu ya ɓace, ya yi wa iyali huɗu tambayoyi, ya zana taswirar matattakala, ya auna taga da igiya. Da aka tsinci takalmin a ƙafar jaririyar, cikin safa, ya gyaɗa kai ya ce dama can nan bincikensa ya dosa.

Sai ga babbar shari'a ta zo. Mabuɗin ƙofar saman bene, inda ake shanya, ya yi ɓatan dabo. Mako uku kaya na tsami a baranda, mata na guna-guni, Sufeto kuwa fuskarsa har ƙyalli take yi don murna. Ya hana a fasa kwaɗon, wai shi ne babbar shaida. Zarginsa ya sauka a kan telan da ke ƙasan bene, bawan Allah mai magana ƙasa-ƙasa, saboda dalili ɗaya: ya yi tari lokacin da aka ambaci mabuɗi. Tela ya rame a tsaye. Mutane suka fara ɗauke kai idan sun wuce shagonsa, ni ma, kunya ta ishe ni, na yi kwana biyu ina gaishe shi sama-sama.

Sufeto ya manna sanarwa a bakin matattakala: ranar Asabar da la'asar zai fasa ƙwai. Don kuma jama'a su san inda ya sha iliminsa, ya sa babbar 'yarsa ta lalubo masa tsohon fim ɗin a intanet, a fara kallo tukuna. Yarinyar ta samo, ta kuma kalla ita kaɗai.

"Baba," ta ce a hankali, "da ka ɗan duba ƙarshen kafin mutane su taru."

"'Yar nan, ni za ki koya wa fim ɗina? Jera kujeru."

Asabar ta yi, falon Sufeto ya cika maƙil. Aka ba mahaifiyarsa, wadda yanzu sai da sanda, kujerar gaba. Tela ya raɓe a bakin ƙofa. Sufeto ya tsaya gefen talabijin cikin kwat, gumi na bin wuyansa, yana fassara mana abin da idonmu ke gani.

"Ku dubi tafiyar! Ku dubi yadda yake taɓa aljihu! Wannan ba tafiya ba ce, tunani ne ke tafiya. Duk abin da kuka gani a jikina, daga wurin wannan gwarzo na gada."

Aka zo daidai inda kunne ya raba shi da kallo. Ya ɗaga yatsa ya ce yanzu za mu ga yadda manya ke damƙe ɓarawo.

Muka gani kuwa. Wata tsohuwa mai shara ta fito daga bayan labule, ta cafki gefen kwat ɗin dogon mutumin, ta girgiza. Sarƙa ta faɗo. Cokula suka biyo baya, da agogon maigidan. Ashe gwarzon ba mai bincike ba ne, baƙo ne da ya zo cin arziki, kwat ɗin ma don ɓoye kaya aka ɗinka shi har gwiwa. 'Yan sanda suka tasa ƙeyarsa.

Sufeto ya soma bayanin cewa masu intanet sun taɓa fim ɗin. Matarsa ba ta saurare shi ba. Idonta na kan gefen kwat ɗinsa, wanda ya ɗan rinjayi ɗaya ɓangaren.

"Baban yara, ɗan ɗaga hannunka."

Ta kama bakin kwat ta girgiza, aka ji ƙacau. Aljihun ya huje tun ba yau ba, abin da ke ciki ya zurare cikin shafi. Aka rasa mai almakashi sai tela. Bawan Allah ya durƙusa ya farke ɗinkin a tsanake, kamar yana tsoron ji wa yadin ciwo, ya zaro mabuɗin saman bene ya ajiye a kan tebur. Daga nan ya yi tari, ɗaya tak.

Dariyar da aka yi har a hawa na huɗu an ji ta. Tsohuwa kaɗai ce ba ta dara ba. Ta daɗe tana kallon ɗanta daga zobe har gwiwa, sannan ta girgiza kai.

"Minti goma kacal," ta ce. "Da na sani da na bar shi da dattinsa."