Ba Gwiwa Ba, Roni

Har gobe ban manta da ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Asabar ba, a bakin dam ɗin Kazaure. Mu uku ne a wurin: ni, da Lawal ƙanin matata mai sayar da hatsi a Babura, da Ɗanladi mai kwalekwale. Akwai kuma wasu mata suna wanki can gefe, waɗanda ban sa su a lissafi ba. (Daga baya su ne suka fi kowa yaɗa labarin.)

Bari in faro daga farko, domin ba na son magana a hargitse. Ni tela ne, haifaffen Roni, neman abinci ya zaunar da ni a Kazaure. Karatuna bai wuce firamare ba, amma tun ranar da malaminmu ya buɗe taswira ya nuna mana shuɗin teku, na ƙudurta sai na ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Bana, da yara suka kama gabansu, na shirya gajeriyar tafiya zuwa wani gari na bakin teku a arewacin Misra. In je, in gani, in leƙa kasuwar yadi, in dawo. Ni kaɗai.

Komai na bi shi daki-daki. Fasfo da farko, sai biza, sai tikiti, sai masauki. Abu ɗaya na manta ban tsara ba, shi ne uwargida Rabi.

"Malam," in ji ta, "kai da ko rijiya ba ka leƙawa, kai ne za ka je bakin teku kai kaɗai? Sai dai Lawal ya raka ka."

To, Lawal mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya hutawa. Na kwashe shekaru ina mafarkin in tsaya shiru a gaban ruwan nan, ba in tsaya ana ba ni labarin farashin gero ba. Muka yi ta ja, har muka tsaya a kan sharaɗi: zan shiga kwalekwale a dam, Lawal ya zama shaida. In na shiga na fito lafiya ba tare da na nuna tsoro ba, in tafi ni kaɗai. In ba haka ba, mu tafi tare.

Ranar na sa babbar rigata fara wadda na ɗinka saboda tafiyar, na kafa hula. (Kada ka tambaye ni dalili. A ganina gwaji sai da kayan aiki.) Ɗanladi ya ce, "Malam, ka zauna a tsakiya, kada ka miƙe." Na ce masa na ji. Lawal ya tsaya a gaɓa ya harɗe hannu yana murmushi.

Muka ɗan matsa daga gaɓa. Gaskiya abin ya yi mini daɗi, har na fara jin kaina wani matuƙin jirgi. Sai na lura Ɗanladi yana tuƙi ba bisa tsari ba, ya yi biyu a dama, ya yi ɗaya a hagu, ya sake komawa dama. Ni kuwa ba na iya ganin aiki a karkace in yi shiru. Na miƙe tsaye in nuna masa yadda ya kamata.

Abin da na sani kawai, sama ta koma ƙasa.

Ruwa ya shige mini hanci, babbar riga ta kumbura ta lulluɓe mini kai, hula ta kama gabanta. Na runtse ido, na ji ruwa har ƙirji, na tabbatar kwana ya ƙare. Na yi kalmar shahada. Sannan na tuna ban bar wasiyya ba, sai na buɗe murya iya ƙarfina.

"Lawal! Na farko, ka ce wa Rabi ta yafe mini! Na biyu, keken ɗinki na ɗana Habibu ne! Na uku, ɗinkin Alhaji yana kan tebur, saura aljihu!"

Sai na ji muryar Ɗanladi a kaina yana cewa, "Malam, gwiwa ne! Iya gwiwa!"

Ni a ruɗe, na ɗauka cewa yake garin Gwiwa, maƙwabcin Roni, za a kai gawata. Raina ya ɓaci, ga mutuwa ga kuskuren adireshi.

"Ba Gwiwa ba!" na daka masa tsawa. "Roni! A Roni za a binne ni, kusa da mahaifina!"

Sai wata daga cikin masu wanki ta fashe da dariya, saura suka ɗauka. Na buɗe ido ɗaya. Ga Lawal tsaye a gabana, ya naɗe wando, ruwan ko gwiwarsa bai gama rufewa ba. Ashe a zaune nake daram a kan laka.

"Yaya," in ji shi, yana share hawaye, "ka tashi mu tafi Ronin, kafin magariba ta yi."

Muka kama hanyar gida. A Keke Napep ina ɗigar ruwa, ina tunanin shi ke nan, zan ga teku da labarin gero a kunnena. Lawal kuwa tun daga zaure ya fara ba da rahoto, har da kwaikwayon muryata. Rabi ta yi dariya har ta zauna a kan turmi. Da ta lafa sai ta ce, "Tsaya, Lawal. Me ya fara faɗa?"

"Cewa ya yi ki yafe masa, Yaya."

"Kafin keken ɗinki?"

"Kafin keke."

Ta dube ni, ni kuwa na dubi ƙasa. Ta tashi ta ɗauko mini busasshiyar riga, ta ce, "Mutumin da yake nutsewa bai rikita na farko da na biyu ba, ba zai ɓata a filin jirgi ba. Ka tafi kai kaɗai, Malam. Amma in ka je, kada ka wuce gwiwa."

"Ina zai wuce?" in ji Lawal. "Ai a Roni zai tsaya."

Yanzu jakata a ɗaure take, babbar riga ta sha wanki da guga, hula kuma na sayi wata. Na ƙara abu ɗaya a tsarina, na sa shi a gaba da fasfo: kafin ka yi ihu, fara miƙewa tsaye ka ga inda ruwan ya kai. In kuwa a cikin kwalekwale kake, to zauna.

Roƙona gare ka, mai karatu, guda biyu ne. Na farko, ka yi mini addu'ar sauka lafiya. Na biyu, in ka biyo ta shagona a Kazaure, ka kawo ɗinkinka, ka sha ruwa, mu gaisa. Amma don Allah kada ka tsaya a ƙofa ka tambaye ni hanyar Gwiwa. Tun ranar nan mutanen unguwarmu kullum sai sun ɓata hanya.