Ranar da Na Rage wa Kwamfuta Aiki

Wautar da na tafka ina masinja a ofishin aikin ruwa na Haɗejiya, ko jaki ba zai yi ta ba.

Injiniyanmu ya tsara lissafin ambaliya a kan wasu katuna masu huji-huji, ni nake kai su Kano a zuba wa kwamfuta. Rannan na ji yana ƙorafi, wai wani wuri a cikinsu yana cinye wa injin lokaci, zai sa a auna a gano shi.

Na ce a raina, awon me? Ni jikan masunta, na san koma mai yawan ɓula ita ke wahalar da mutum. A jirgin ƙasa, kan hanyar Kano, na zare duk katin da hujinsa ya yi yawa, na cusa a aljihu.

Injin kuwa ya gama nan take, ya tofo takarda babu lissafi. Ga damina ta kawo kai, ga layi ba zai sake zuwa kanmu a injin ba sai bayan sati biyu.

Da na dawo na miƙa wa injiniya katunan da na zare, sai ya ce, "Malam, kai in tuwo ya ƙi nuna da wuri, garin kake kwashewa?"